Cocin Long Melford: Ginin Da Kuɗin Ulu Ya Tsayar A Ingila

Duk wanda ya taɓa fita daga Landan ya ratsa karkarar Ingila, ko a mota ko a jirgin ƙasa, ya san abin da ido ke fara hangowa kafin a shiga gari, wato wata hasumiyar dutse mai kusurwa huɗu da ke leƙowa daga cikin itatuwa. Wannan hasumiya ta cocin garin ce, kuma sau da yawa shi ne gini mafi tsufa a wurin, ya girmi gidan mai garin, ya girmi kasuwa, ya girmi hanyar da aka bi aka zo. Cocin Ingila, wato ɗariƙar Angilika, yana da coci-coci kusan 16,000 a ƙasar, kuma dubbai daga cikinsu an gina su ne tun kafin shekarar 1540. Yaranmu da ke makaranta a Birtaniya sukan dawo gida da aikin tarihi a kan irin waɗannan gine-gine, iyaye kuma su rasa ta inda za su kama. Shi ya sa muka ɗauki guda ɗaya, cocin Triniti Mai Tsarki na garin Long Melford, domin wanda ya fahimci wannan zai iya karanta sauran da kansa.

Long Melford yana cikin gundumar Suffolk a gabashin Ingila, kimanin mil 3 arewa da garin Sudbury, mil 14 kudu da Bury St Edmunds. Mutanen garin ba su kai 4,000 ba. Sunan Melford na nufin mashigin ruwa da ke kusa da injin niƙa, aka ƙara masa Long saboda tsawon babban titinsa, wanda mai tafiya a ƙasa zai ji a jikinsa kafin ya kai ƙarshe. A ƙarshen titin ta arewa akwai wani makeken fili mai ciyawa da ke hawa tudu a hankali, a kan tudun ne cocin yake. Tsawonsa gaba ɗaya ya kai ƙafa 250, wato kimanin mita 76. Baƙo yakan ɗauka babban cocin bishop ne, alhali kuwa cocin ƙauye ne kawai.

Me ake nufi da cocin gunduma?

Tun wajen ƙarni na 12 aka gama rarraba ƙasar Ingila zuwa ƙananan gundumomi na addini, waɗanda Turawa ke kira farish. Kowace gunduma tana da cocinta da limaminta da maƙabartarta. Mutum ba ya zaɓen cocin da zai je, inda aka haife shi nan za a yi masa baftisma, nan za a ɗaura masa aure, nan kuma za a binne shi. Kowane manomi yana ba da ushiri, wato kashi ɗaya cikin goma na hatsinsa da ulunsa da 'ya'yan dabbobinsa, domin ɗaukar nauyin limami. Sai a shekarar 1836 aka yi dokar da ta mai da wannan ushiri ya koma kuɗi.

Akwai wata ƙa'ida da ya kamata mai karatu ya riƙe, domin ita ce mabuɗin fahimtar fasalin waɗannan gine-gine. Daga ƙarni na 13, gyaran ɓangaren gabas na coci, inda bagade yake, inda kuma limamai ke tsayawa, yana wuyan limami ne. Babban zauren da jama'a ke taruwa kuwa, da hasumiya da ƙararrawa, yana wuyan mutanen gari. Saboda haka idan ka ga coci mai ƙaton zaure da ɗan ƙaramin ɓangaren gabas, to ka san garin ya yi arziki, limamin kuma ya riƙe aljihunsa. Mutanen gari sukan zaɓi wakilai, galibi biyu, su riƙe asusu su rubuta shiga da fita, kuma daga irin waɗannan takardu ne masana suka san yawancin abin da za mu faɗa a nan.

Akwai coci a Melford tun kafin Normawa su ci Ingila a shekarar 1066, littafin ƙidayar dukiya na Domesday da Sarki William ya sa aka rubuta a 1086 ya ambace shi. A wancan zamani ƙasar garin mallakar gidan sufaye na Bury St Edmunds ce, ɗaya daga cikin gidajen sufaye mafi arziki a ƙasar, haka kuma ta zauna har zuwa 1539. An sake gina cocin a ƙarni na 14, ginshiƙan wancan gini guda biyar-biyar na ɓangaren yamma suna nan har yanzu. Sauran abin da ake gani a yau, in ban da hasumiya, an gina shi ne tsakanin wajen 1467 da 1497.

Daga ina kuɗin ya fito?

Amsar ita ce tumaki. A ƙarni na 13 da na 14 Ingila tana sayar da ɗanyen ulu ga masaƙan Flanders da Italiya, su saƙa su ci riba. Sarki Edward na 3 ya ɗora wa ɗanyen ulu haraji mai nauyi domin ya samu kuɗin yaƙi da Faransa, wannan ya sa saƙa a gida ta fi fitar da ɗanyen kaya riba. Har gobe shugaban Majalisar Dattawan Birtaniya a kan wata katifa da aka cusa wa ulu yake zama, don tunawa da abin da ya arzuta ƙasar. Bugu da ƙari, annobar da ake kira Baƙar Mutuwa ta 1348 zuwa 1349 ta kashe tsakanin sulusi da rabin mutanen Ingila. Hannun aiki ya yi ƙaranci, lada ya tashi, waɗanda suka tsira suka samu abin sayen tufafi masu kyau.

Garuruwan kwarin kogin Stour, irin su Melford da Lavenham da Sudbury da Hadleigh da Clare, suka zama cibiyar saƙar yadin ulu mai faɗi da kauri. Attajirin yadi shi ke sayen ulu, ya raba wa mata su kaɗa zare a gidajensu, ya miƙa wa masaƙa, daga nan a kai injin ruwa a buga yadin har ya yi kauri, marina su rina shi da wani ganye mai ba da shuɗi irin na baba, sannan a aske gashinsa da manyan almakashi a kai tashar jirgin ruwa. Riba mai tsoka tana hannun attajiri. Lavenham, wadda take mil 4 kacal daga Melford, ta shiga sahun garuruwa mafi biyan haraji a duk Ingila a shekarar 1524, ta sha gaban manyan birane kamar York.

To me ya sa attajiri zai zuba dukiyarsa a ginin coci? A wancan lokaci duk Ingila Katolika ce, kuma koyarwar cocin ita ce yawancin rayuka ba sa wucewa aljanna kai tsaye, sai sun tsaya a wani wurin tsarkakewa da ake kira Furgatori, addu'ar masu rai kuma tana rage musu daɗewa a can. Wanda ya gina taga ko ya ɗaga bango, aka rubuta sunansa a jiki, ya sama wa kansa masu yi masa addu'a har bayan ransa. Ba za a rasa gasa a ciki ba kuma. Melford na gini, Lavenham na gini, kowa na leƙen maƙwabcinsa. Mutanen Lavenham sun tsaya a kan hasumiya, suka kai ta ƙafa 141, na Melford suka zuba ƙarfinsu a tsawo da tagogi.

John Clopton

Jagoran aikin shi ne John Clopton, mai gidan Kentwell da ke arewa da cocin, wanda aka haifa a 1423 ya rasu a 1497. Ya riƙe muƙamin sherif na Norfolk da Suffolk a farkon shekarun 1450, wato wakilin sarki mai kula da doka da haraji. Zamaninsa ya faɗo cikin yaƙin basasar gidajen sarauta biyu, Lancaster da York, shi kuma yana ɓangaren Lancaster. A watan Fabrairu na 1462 aka kama shi tare da John de Vere, basaraken Oxford, da ɗansa Aubrey, da Sir Thomas Tuddenham, da William Tyrell, da John Montgomery, bisa zargin suna musayar wasiƙu da Sarauniya Margaret, matar hamɓararren Sarki Henry na 6. An sare kan sauran biyar ɗin a Landan. Clopton kaɗai aka yi wa afuwa ya koma gida. Bayan 'yan shekaru aka fara ginin. Masu tarihin garin sukan ce godiya ce ta wanda ya ga takobi ya wuce ta kansa, kuma maganar tana da kama da gaskiya, ko da yake mutum mai dukiya irin tasa a wancan zamani da wuya ya mutu bai bar gini ba.

Amma ba shi kaɗai ya yi ba, kuma wannan shi ne abin da ya bambanta Melford da sauran wurare. A jikin bangon waje, can sama ƙarƙashin rawanin ginin, akwai dogon rubutu da aka sassaƙa da manyan haruffa yana zagaye cocin, yana neman mai wucewa ya yi addu'a ga waɗanda suka biya kuɗin kowane sashe. Akwai sunayen gidan Martin, attajiran yadi da suka gina ɓangaren kudu. Akwai Giles Dent, limamin garin. Akwai Roger Moryell da matansa biyu da ya aura ɗaya bayan ɗaya. Akwai ma Richard Loveday, wanda rubutun ya nuna bara ne mai kula da abin sha a gidan Clopton, shi ma ya ba da nasa aka sa sunansa a bango ɗaya da na maigidansa. Rubutun na ɗauke da shekaru irin su 1481 da 1484 da 1496, don haka ana iya bin aikin taga bayan taga. Da Turancin wancan zamani aka yi yawancinsa, ba da Latin ba, domin mai addu'ar da ake nema shi ne talakan da ke wucewa.

Fasalin ginin

Masana sun kasa ginin coci-cocin Ingila zuwa zamuna. Na Normawa, daga 1066 zuwa ƙarshen ƙarni na 12, yana da bango mai kauri da ƙananan tagogi da baka mai zagaye kamar rabin faifai. Daga nan salon Gotik ya shigo daga Faransa da baka mai tsini, wanda ke sauke nauyin rufi a kan ginshiƙai, ya bar bango ya huta har a iya huda shi a sa gilashi. Shi wannan baka mai tsini ya daɗe a ƙasashen Musulmi kafin ya isa Turai, yana nan a masallacin Ibn Tulun na Alƙahira da aka gama a shekarar 879, kuma masana da dama na ganin ta Sisili da kudancin Italiya ya ƙetara. Gotik na farko a Ingila tagoginsa sirara ne masu tsini kamar mashi. Na biyu ya cika kan taga da lanƙwashe-lanƙwashen dutse kamar reshe da ganye. Na uku, wanda ya fara a Gloucester a shekarun 1330 ya kai har zamanin Henry na 8, shi ne salon miƙaƙƙun layuka, inda sandunan dutsen da ke raba taga suke miƙewa sak daga ƙasa har sama, a gitta musu wasu, taga ta zama kamar allon da aka ja wa layi. Wannan salo na Ingila ne kaɗai, kuma Melford na cikin fitattun misalansa.

Idan ka tsaya a kudu da ginin, abin da za ka gani shi ne tagogi sahu biyu, na ƙasa manya, na sama kuma biyu-biyu a kan kowane baka, sun jeru kusa da juna har dutsen da ke tsakaninsu ya zama siririn ginshiƙi kawai. Ana lissafa tagogi 74 masu adon dutse a cocin.

Suffolk ba ta da dutsen gini. Abin da take da shi shi ne dutsen ƙyastu, dunƙule-dunƙule a cikin ƙasar alli, wanda manomi ke tsinta a gona yana tsaki. Farin dutse mai daɗin sassaƙa kuwa sai an kawo shi daga nesa ta ruwa, da tsada. Maginan gabashin Ingila suka samo dabara: su fasa dutsen ƙyastu biyu, cikinsa baƙi ne mai sheƙi kamar gilashi, su sassaƙa siraran falle na farin dutse su fitar da zane, sannan su cike gurbin da baƙin dutsen, fuskokin biyu su daidaita ba tudu ba kwari. Da haka ɗan farin dutse kaɗan ke ƙawata bango guda. A Melford kusan duk fuskar kudu haka aka yi ta. Bayan ruwan sama, idan rana ta fito, bangon har ƙyalli yake yi.

A ciki, ginshiƙai sahu biyu ne ke ɗauke da baka tara a kowane gefe, tsawon zauren ya haura ƙafa 152, ana kuma cewa babu cocin gunduma a Ingila da ya fi shi tsawon zaure. Mai lura zai ga inda tsofaffin ginshiƙan ƙarni na 14 suka ƙare sababbi suka ɗora. Rufin na katako ne, kusan a shimfiɗe yake, manyan gungume sun gitta daga bango zuwa bango. Kamar yawancin tsofaffin coci-coci, ginin ya miƙe ne daga yamma zuwa gabas, bagade a gabas, hasumiya a yamma, babbar ƙofar shiga kuma a kudu.

Gilashi, zomaye da jar fure

A tagogin arewa aka tattara abin da ya rage na gilashin ƙarni na 15, kuma yana cikin mafi kyau da ke ƙasar. Yawancinsa hotunan 'yan uwa da surukai da abokan John Clopton ne, maza da mata a durƙushe, sanye da riguna masu tambarin gidajensu, ciki har da alƙalai cikin jajayen rigunansu. Asali a tagogin can sama suke, inda hannu ba ya kaiwa da sauƙi, kuma da yake ba hotunan waliyyai ba ne, masu fasa gilashi na baya ba su damu da su sosai ba. Akwai wata taga da ke nuna mata biyu suna fuskantar juna: Elizabeth Talbot, matar basaraken Norfolk, da Elizabeth Tilney, wadda ita ce kakar Anne Boleyn da Catherine Howard, matan Henry na 8 biyu da ya sa aka sare wa kai. Masu yi wa baƙi jagora sukan ce daga hoton Elizabeth Talbot ne John Tenniel ya ɗauko kamannin muguwar gimbiyar da ya zana a littafin yara na Alice. A namu ganin wannan labarin jawo baƙi ne, domin zanen nasa ya fi kama da wani hoton tsohuwa na Quentin Matsys da ke gidan hotuna na ƙasa a Landan.

A saman ƙofar arewa akwai wani ɗan guntun gilashi da bai fi tafin hannu ba sosai, mai zomaye uku suna bin juna a da'ira. Kowane zomo ka duba kunnuwansa biyu ne, amma in ka ƙirga kunnuwan duka uku ne rak, kowane kunne na zomaye biyu ne. Kiristocin wurin sun ɗauke shi alamar Triniti, wanda shi ne sunan cocin. Sai dai zanen ya girmi Melford nesa ba kusa ba. Yana jikin rufin kogunan mabiya Buddha na Dunhuang a ƙasar Sin tun wajen shekarar 600, yana jikin kayan ƙarfe na ƙasashen Musulmi da wani kwabon tagulla da aka buga a Iran a ƙarni na 13, yana kuma jikin rufin coci-coci da yawa a Devon. Ana kyautata zaton a jikin yadin alharini ya biyo fatake har ya iso Turai.

A bangon arewa ɗin dai akwai wani allo na dutsen alabasta da aka sassaƙa wajen shekarar 1350, ya girmi ginin da yake ciki. Yana nuna masana taurarin nan na gabas sun kawo wa jariri Yesu kyautai. Maryamu na kishingiɗe a gado, ungozoma na gyara mata matashi, sa da jaki sun leƙo kai daga ƙarƙashin gadon. A ƙarni na 18 aka tono shi a ƙarƙashin daɓen cocin, alamar wani ne ya ɓoye shi lokacin da ake farfasa irinsa.

Kusa da nan kabarin William Clopton yake, mahaifin John, wanda ya rasu a 1446, an sassaƙa siffarsa kwance cikin sulke. Sau da yawa za ka tarar da jar fure a kansa. A shekarun 1430 ya ba garin Hadleigh filin kasuwa da zauren taro, a kan haya ta furen wardi ja guda ɗaya a shekara, kuma har yau magajin garin Hadleigh na zuwa ya biya.

Ta wata 'yar ƙofa a kusurwar arewa maso gabas ake shiga ɗakin addu'a na gidan Clopton. Irin wannan ɗaki, mai dukiya ne ke gina shi ya bar masa wakafi na gona ko gidaje, a riƙa biyan limami na musamman yana yi wa mamatan gidan addu'a kullum. A gefen rufin an zana wata doguwar takarda da ta nannaɗe reshen inabi, a jikinta an rubuta baitocin John Lydgate, sufin Bury St Edmunds da ya yi suna a waƙa a ƙarni na 15. A tagar gabas akwai ɗan gilashi da ke nuna Yesu a gicciye a kan furen lili maimakon katako, zanen da ba a cika samunsa ba. Lili alamar Maryamu ce, mutanen wancan zamani kuma sun yi imani cewa ranar 25 ga Maris ce aka yi mata albishir da ciki, kuma a irin wannan rana aka gicciye ɗanta. Ranar ce ma farkon shekara a lissafin hukumar Ingila har zuwa 1752. Kabarin John Clopton na cikin bangon da ya raba ɗakin da bagade, buɗe ta gefe biyu, ba siffa a kansa, domin an shirya shi ne ya zama wurin ajiye gurasar jibi daga Juma'ar gicciye zuwa safiyar Ista.

A bayan bagade ta gabas akwai ɗakin Maryamu, wanda aka gina a 1496, kusan gini ne mai zaman kansa da rufi uku masu tsini. Ɗaki ne a cikin ɗaki, da baranda mai rufi ta zagaye shi ta ko'ina don masu kewaye cikin addu'a. Irin wannan a manyan coci-cocin bishop aka saba ganinsa. Daga 1670 ya zama makarantar yaran gari na tsawon shekaru, jadawalin sau da malamin lissafi ya rubuta yana nan a bango.

Guguwar sauyi

Shekara 37 kacal bayan rasuwar Clopton, a 1534, Henry na 8 ya raba gari da Fafaroma ya naɗa kansa shugaban Cocin Ingila. A 1539 aka rushe gidan sufayen Bury. Ɗansa Edward na 6 ya hau a 1547, masu riƙe masa mulki 'yan Furotesta ne na gaske. Suka soke wakafin addu'ar mamata suka ƙwace dukiyarsa, suka ba da umarnin a fitar da siffofi, a shafe zanen bango da farar ƙasa, a rushe bagadan dutse, a koma yin sujada da Turanci. Wato ainihin dalilin da ya sa aka gina Melford, doka ta ce babu shi. Takardun wakilan cocin sun nuna yadda aka yi gwanjon kaya, rigunan limamai da tagulla da siffofi, kuma wani daga zuriyar Clopton ya sayi da yawa ya kai gida. Sarauniya Mary ta maido da Katolika a 1553, aka sake sayen kaya aka kafa, ta rasu a 1558, Elizabeth ta 1 ta hau aka sake saukewa. Mutum ɗaya ya ga sauyi huɗu a cikin shekara 25.

Wani daga cikin waɗanda suka gani shi ne Roger Martin, jikan gidan nan na attajiran yadi, wanda ya yi wakilin coci a zamanin Mary, ya ƙi barin Katolika har ya rasu a 1615, ya sha tara da ɗauri a kan haka. Da ya tsufa sai ya zauna ya rubuta yadda ya san cocin yana yaro. Ya bayyana katangar katako da ta raba zaure da bagade, da babban gicciye a samanta da hotunan manzanni goma sha biyu a jikinta. Ya bayyana jerin gwanon Lahadin ganyen dabino a farfajiyar coci, da kewayen iyakokin gari ana roƙon albarkar amfanin gona, da wutar da ake hurawa a wasu darare na bukukuwa ana raba wa talakawa gurasa da abin sha. Ya kuma ce wasu kayan suna ajiye a gidansa sun fara lalacewa, yana fatan magadansa za su gyara su mayar wata rana. Ba a mayar ba. 'Yan shafuka ne, amma kusan babu wani cocin gunduma a Ingila da ke da irin wannan shaida ta wanda ya gani da idonsa, shi ya sa masu nazarin wannan zamani, irin su Eamon Duffy, suke yawan komawa gare ta.

Akwai kuma waɗanda sauyin ya yi wa rana. Sir William Cordell, lauya ne da ya tashi a yankin, ya samu ƙasar Melford da ta fita daga hannun sufaye, ya yi kakakin majalisa a 1558 a ƙarƙashin Mary, ya ci gaba da riƙe babban muƙamin shari'a a ƙarƙashin Elizabeth, ya ma sauke ta a gidansa na Melford Hall a 1578. Kabarinsa na dama da bagade, da ginshiƙai da siffofin mata huɗu masu wakiltar adalci da hikima da jarunta da kamewa, babu waliyyi ko ɗaya. Ya rasu a 1581. Gidan gajiyayyu na jan bulo da ke gaban cocin shi ya kafa shi a 1573 don tsofaffi matalauta goma sha biyu, an sabunta ginin a 1847, kuma har yanzu tsofaffi ke zaune a ciki. Ya ɗan tare wa mai tahowa daga fili ganin cocin, amma ba mai cewa a taɓa shi.

Lokacin yaƙin basasa na shekarun 1640 an sake bin coci-cocin Suffolk ana fasa abin da ya saura, ƙarƙashin wani jami'in majalisa mai suna William Dowsing. A watan Agusta na 1642 ma gungun masu zanga-zanga sun wawashe Melford Hall saboda mai gidan a lokacin, Elizabeth Savage, 'yar Katolika ce.

Hasumiyar da ake gani yanzu ita ce ƙaramar 'ya a ginin, ko da yake ba ta nuna ba. Tsawa ta faɗa wa ta asali wajen shekarar 1710, aka maye gurbinta da ta bulo a cikin ƙarni na 18, wadda kowa ya yarda ba ta dace da jikin cocin ba. Don tunawa da cikar Sarauniya Victoria shekara 60 a kan gado, aka ɗauko mai zanen gini George Frederick Bodley, shi kuma maimakon ya rushe ta sai ya lulluɓe ta da farin dutse da dutsen ƙyastu ya ƙara mata tsawo. An yi aikin daga 1898 zuwa 1903, tsayinta ƙafa 118, da zanko a kowace kusurwa, tsohuwar ta bulo kuma tana nan a ciki. Sassaƙen dutsen Caen da ke bayan bagade shi ma na zamanin Victoria ne, an kafa shi a 1877.

Ga mai son zuwa

Cocin yana ƙarƙashin bishop na St Edmundsbury da Ipswich, ana sujada a cikinsa, kuma yana cikin rukunin farko na gine-ginen tarihi da doka ta hana a taɓa ba izini. A littafinsa na 1999 kan coci-coci dubu mafi kyau a Ingila, Simon Jenkins ya ba 18 ne kawai tauraro biyar, Melford kaɗai ya samu a duk Suffolk. Kula da rufi da gilashi da bango yana wuyan mutanen gari da masu ba da gudummawa, kamar yadda yake tun zamanin Clopton, shi ya sa za ka ga akwatin taimako kusa da ƙofa.

Daga Landan ana hawa jirgin ƙasa a tashar Liverpool Street, a canza a Marks Tey zuwa Sudbury, daga nan a shiga bas ko tasi, domin tashar jirgin Long Melford an rufe ta tun 1967. Irin waɗannan coci-coci a buɗe suke da rana ga kowa, ko mene ne addininsa, ba a cire takalmi, maza dai sukan cire hular sanyi ko hana-salla, a kuma rage murya. Wanda ya je da yara ya sa su nemo zomayen nan uku su ƙirga kunnuwa, sannan su fita waje su gwada karanta sunayen da ke saman bango. A maƙabartar da ke kewaye da cocin akwai kabarin Edmund Blunden, mawaƙin da ya yi yaƙin duniya na farko, wanda ya ƙare rayuwarsa a garin a 1974. Melford Hall yana tsallaken fili a hannun hukumar National Trust tun 1960, gidan Kentwell kuma yana ƙarshen wata doguwar hanya mai itatuwa a jere, tafiyar 'yan mintoci daga ƙofar cocin.